Abin da Haske Ya Gano a Ɗakin Zaliha

Shekara da shekaru Malam Hayatu yana gaya wa ɗalibansa na wata sakandare a Anka cewa haske ba kwarara yake yi kamar ruwa ba, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa kamar gero, kowace ƙwaya da nata awon ƙarfi. Yaran su rubuta, su haddace, su amayar a jarrabawa, su manta. Shi ma malamin, in ana son gaskiya, haddar ya yi. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, daga allo sai alli, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa ko ya yarda da abin da yake faɗa. Bai ga ƙwayar haske ta yi wani aiki a gabansa ba sai shekarar da yara suka dinga mutuwa a ƙauyuka.

Zinariya ce ta jawo. Maza su haƙo dutse a daji su kawo gida, a niƙa a injin hatsi, mata su daka sauran a turmi a tsakar gida, goyo a baya. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurarsa ta shiga ƙasa, ta shiga kwano, ta shiga bakin duk yaron da ke rarrafe. Yaro ya wayi gari lafiya, hantsi ya yi ya hau jijjiga, kafin la'asar an kai shi. A Duza da Tungar Daji da tungayen da ke kewaye da su, sai da aka daina aika wa dangi na nesa labarin rasuwar yaro. Wanda ke kusa ya zo, a yi salla, a koma gona.

Da masu aikin agaji suka iso, suka nemi wanda yake jin Turanci kuma ya san kimiyya, sai aka nuna Hayatu. A matsayin tafinta aka ɗauke shi, amma ba a jima ba aka danƙa masa na'urar awon ƙasa, wata aba mai mariƙi da kunama. Mutanen ƙauye ba su wahalar da kansu neman suna ba, bindiga suka ce mata. A ɗora bakinta a ƙasa, a danna, a ɗan jira, lamba ta fito a fuskarta. In lambar ta yi yawa, a kankare ƙasar gidan da shebur, a kwashe a kai wani babban rami a bayan gari, a zuba sabuwa.

Wata rana a ƙofar masallacin wata tunga, wani tsoho mai suna Gwadabe ya tare shi ya ce, "Malam, bindigar ga taka mi ta ka harbawa? Ba mu jin ƙara, ba mu ganin hayaƙi."

Hayatu ya ce, "Haske ne, Baba, irin wanda aka ɗaukar hoton ƙashi da shi asibiti. Ƙwaya-ƙwaya shi ka hita. In ƙwaya ta bugi dalma, sai dalmar ta maido wani haske nata, mai awon da babu wani ƙarhe da ke da irinai. Shi na'urar ka ƙirgawa."

"To tocila ba ta yi?"

"Ko ka tara tocila dubu. Ba yawan haske ba ne. Kowace ƙwaya ita kaɗai ta ka bugu. In ba ta da ƙarhi, ko sun kai yawan yashi ba su motsa komi."

Tsohon ya ce, "Ita dalmar, in munka bar ta nan, ba ta ruɓewa don kanta?"

"Ba ta ruɓewa. Wuta ma ba ta cin ta. Ƙarhin da ke ɗaure da cikinta ya hi na wuta, ya hi na ruwa. Jikokin jikokinmu za su ishe ta inda munka bar ta."

Gwadabe ya ce Allah shi kyauta, ya shige masallaci. Hayatu ya lura wannan ne karo na farko da ya faɗi darasin nan yana da tabbacin gaskiya ne, kuma bai ji daɗin komai ba.

In aka ce aikin yana taɓa zuciyarsa an yi ƙarya. Da farko kam ya taɓa, har abinci ya gagare shi. Daga baya sai abin ya zama kamar shiga aji. Ya yi sallama, ya yi gaisuwar rashi, ya durƙusa, ya danna, ya faɗi lamba, ya wuce gida na gaba. Uwa tana nuna masa inda ɗanta ya saba zama yana wasa, shi kuwa yana tunanin ko batir zai kai shi yamma. Ya koma yana cin tuwonsa har ya suɗe kwano. Rashin jin nan ya dame shi na ɗan lokaci, sa'an nan shi ma ya daina damunsa.

Gidan yayarsa Zaliha ma haka ya shige shi. Tana aure a wata ƙaramar tunga kusa da Duza, mijinta Makau yana cikin waɗanda suka fara kawo dutse gida. 'Ya'yanta uku suka tafi a damina ɗaya, saura autarta Asma, wadda a lokacin take goye. Inna, mahaifiyar Hayatu da Zaliha, ta tattara kayanta ta dawo gidan don ta zauna da ita. Hayatu da kansa ya auna gidan, da kansa ya tsaya aka kankare, aka zuba jar ƙasa mai tsabta, ya sake aunawa ya ce ya yi. Makau ya daina kawo dutse gida, daga baya ma ya bi abokansa ramukan wajen Gwashi, sai a jima ba a gan shi ba.

Shi ya sa ranar da Naja'atu, ma'aikaciyar jinya a ɗakin da ake kwantar da yaran dalma a Anka, ta aika a kira shi, bai kawo komai a ransa ba. Ya same ta tsaye a bakin gado. A kan gadon Asma ce zaune, yarinya 'yar shekara biyu da wani abu, tana riƙe da kofi ba ta sha, tana kallon bango. Wata ƙanwar Makau ce ke jinyarta.

Naja'atu ta ce, "Malam, wannan ne zuwanta na uku. Mu ba ta magani, dalmar ta sauka a jininta, mu sallame ta. Ta yi 'yan makonni a gida, a dawo da ita ta hau. Yaran tungarsu duk sun sauka sun zauna, ita kaɗai ce haka."

"Gidan na da tsabta. Ni na auna shi."

"Ban ce ba ka auna ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da take sa wa a baki a gidan nan. Kuma ka ga, a zuwan farko tana cewa Inna, tana cewa ruwa. Yanzu ba ta cewa komai. Magani yana fitar da dalma, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ci a kai. Likita ya ce ba za a sallame ta zuwa gidan nan ba sai an gano. In ba a gano ba, ku nemi wani dangi ya riƙe ta."

Hayatu ya kalli yarinyar. Ya san me wannan ke nufi, a raba Zaliha da ɗaya tilon da ta rage mata, ko a mayar mata da ita a ci gaba da kallon ta tana dushewa. Ya jira ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, bai ji ba. Ya ce zai je gobe.

Da hantsi ya isa tungar a kan babur, na'urar a jaka. Inna ce ta fara ganinsa, tana tsince wake a inuwar rumbu.

"Hayatu, kai ne? Sha ruwa tukuna kahin ka hwara harbin ƙasa. Mi ya rage ba ku kwashe ba? Kun kwashe ƙasa, kun ɗauke turmi, har murhu kunka tone."

"Asma ce, Inna. Sun ce akwai sauran abu gidan ga."

Zaliha ta fito daga ɗaki. Mace ce da a da ake jin dariyarta daga bakin rijiya, ita ce ta yi ta tsokanarsa da Malam Boko tun yana firamare. Yanzu ta rame, kuma tana magana kamar mai karanta saƙon wani. Suka gaisa. Ya gaya mata abin da Naja'atu ta ce, bai rage ba, bai ƙara ba.

Ta ce, "Auna. Dut abin da kag ga dama, auna."

Ya fara daga ƙofar gida. Tsakar gida lafiya. Gindin rumbu lafiya, makewayi lafiya, wurin wanke-wanke lafiya. Ya ɗora bakin na'urar a bango, domin a wasu gidaje da ƙasar dutsen aka buga tubali, amma bangon Makau tsoho ne, ya girmi zinariya. Ya auna sabon turmi, ya auna tukwane, ya auna randa, ya zazzage garin dawa a faifai ya auna. Inna ta kawo tandun kwallinta da kanta, tana cewa ai tun da aka hana ba ta ƙara sa wa yarinyar ba. Kwallin kam dalma ce tsantsa, amma bakin tandun ya daɗe a liƙe, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa. Ya karɓe shi duk da haka. Rana ta take, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan jar ƙasar da ya sa aka zuba, ita kuwa na'urar lamba ƙarama take ta ba shi.

Saura ɗakin Zaliha. Namiji ba ya kutsa kai ɗakin yayarsa haka kawai, sai da ya nemi izini. Ta ɗaga labule ta tsaya a gefe. Ya auna daɓen ƙasa, ya auna tabarma, ya auna ƙarƙashin gado da jeren kwanoni. Ba komai. Ya zauna a bakin gadon don ya huta, ya ajiye na'urar a kan shimfiɗa. A nan ya lura da matashin da ke can ƙuryar gadon, wani ƙato mai tauri, an ɗinke shi da tsohuwar atamfa. Kusurwarsa ɗaya ta yi baƙi ta ƙandare, irin ƙandarewar da yawu ke sa wa tsumma.

"Nan Asma ka kwana?"

"Nan mu ka kwana," in ji Zaliha.

"Ita ka tsotson wanga gehe?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ɗora bakin na'urar a kan matashin ya danna. Lambar da ta fito irin wadda ya saba gani ce a gindin injin niƙa, kafin a kankare. Ya juya matashin ya sake dannawa. Da ya ɗan buga shi da tafin hannu, wata ƙura mai laushi ta tashi a cikin hasken da ke shigowa ta ƙofa.

"Yaya, mi ke ciki?"

Ta zo ta karɓi matashin daga hannunsa, ba da ƙarfi ba. Ta fita da shi tsakar gida, ta shimfiɗa tsohon buhu, ta nemi reza ta bi ɗinkin a hankali. Inna ta ajiye faifan wake ta zuba ido.

Ba auduga ba ce a ciki, ba rimi ba. Kayan yara ne, an ninke kowane an danna. Ta dinga zarowa ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa.

"Wagga riga ta Rufaida ce, ta Salla. Wanga wandon Nafi'u ne, kai ka saye mai shi kasuwar Gummi, ya yi mai yawa, anka naɗe ƙahwa." Ta ɗago wata 'yar riga mai ruwan ƙasa, aljihunta a yage. "Wagga ta Khalifa ce. Ita ce jikinai ranar."

Khalifa ɗanta ne na fari. Tun da aka haife shi Hayatu bai taɓa jin ta kama sunansa ba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. Yau ta faɗe shi sarai, kuma muryarta ba ta canja ba.

Inna ta ce, "Zaliha, ba ke kinka ce mani kin bayar da su sadaka ba?"

"Na ce."

"An ce kowa shi wanke tuhwahinai. Mun wanke har zannuwan gado."

"Na wanke nawa. Na wanke na Asma." Ta shafa rigar a kan cinyarta. "Waɗanga in an wanke, mi za ya rage?"

Kayan mamaci a ƙasar nan wankewa ake yi a bayar, wani ya sa, lada ya isa ga mai shi. Ita ta kasa. Ta tattara su yadda suke, da gumin yaran da ƙurar tsakar gidan da suka yi birgima a ciki, ta ɗinke a matashi don ta riƙa kwana da kanta a kai ba tare da kowa ya ce ta rasa tawakkali ba. Ita kuwa Asma, da aka yaye ta, sai ta sami kusurwar ta riƙa tsotsa har barci ya ɗauke ta.

Zaliha ta dubi na'urar da ke hannunsa ta ce, "Hasken ga naka, mi shi ka gani?"

"Ƙarahwa kaɗai. Dalma, tagulla, baƙin ƙarhe."

"Ba shi ganin na wa ne?"

"A'a."

Ta gyaɗa kai. "Ni na san da ƙura. Ban san ta kai haka ba. Na ɗauka abin da ke ɗinke ba shi hitowa."

Hayatu ya so ya ce mata ba laifinta ba ne, amma ya faɗi wannan maganar a gidaje da yawa har ta zama kamar sannu. Sai ya gaya mata abin da ya sani. Hanya biyu ce. Ko ya sa kayan a leda ya kai babban rami a binne tare da gurɓatacciyar ƙasa, ko a wanke su, wanki ba na wasa ba, can bakin ramin, ba a cikin gida ba, har sai na'ura ta yarda. In ta yarda, Asma ta dawo.

"Rami dai a'a," in ji ta. "An riga an sa su rami sau guda."

Ya ɗaure jarkokin ruwa a bayan babur ya yi sawu. Ita ta bi shi a ƙasa, buhun a ka, bahon wanki a hannu. Ramin yana bayan gonaki, an kewaye shi da ƙaya don dabbobi. Wani bafillace da ke kiwo daga nesa ya tsaya yana kallonsu, ya gaji ya kora shanunsa. Hayatu ya ba ta safar hannu ta roba da abin rufe hanci. Ta sa safar, abin hancin kuwa ta riƙe shi a hannu.

"Bari tukuna."

Ta ɗauki rigunan ta kai fuskarta. A ka'ida ya kamata ya hana ta, kuma ya san ka'idar sarai, shi ne ma yake fassara ta ga mutane. Ya juya baya yana kwance jarka, ya daɗe yana kwancewa.

Sa'an nan ta rufe hanci ta durƙusa. Ruwan farko ya fito kamar kunun kanwa, ya ɗauka ya juye a rami. Na biyu ma haka. Tana cuɗawa tana matsewa da ƙwarewar macen da ta yi wa yara huɗu wanki, ba gaggawa, ba sanya. Ta juya aljihunan, ta goge bakin wuya, ta warware ƙafar wandon da aka naɗe, inda ƙurar ta taru ta yi layi. Ba ta yi kuka ba. Shi ma bai ji komai ba sai zafin rana a ƙeyarsa, yana ta kai ruwa yana juyewa. Sabulu ya kusa ƙarewa kafin ruwan ya fara fitowa garau.

Suka shanya kayan a kan ƙayar shingen. Ba su da girma, ba su jima ba suka bushe. Ya ninka kowane ya ɗora na'urar a kai. Wandon ya ɗan nuna saura, ta sake wanke shi, suka zauna suka jira shi. Da ya sake aunawa ya ce, "Ya sauka, Yaya. Dut sun sauka."

Ta cire abin hancin ta ajiye. Ta ɗauki rigar Khalifa ta shinshina wuyan, ta shinshina hammata. Ta ɗauki ta Rufaida, ta ɗauki wandon. Ta bi su duka a hankali, kamar mai neman allura a tabarma. Hayatu yana tsaye yana kallonta, sai ya ji tausayi ya kama shi, tausayi na gaske mai ciwo, irin wanda ya ɗauka ya ƙare masa.

Zaliha ta ninke kayan ta jera a cikin baho. Ta ce, "Sabulu kaɗai."

Ta miƙe ta ɗora bahon a ka, ta gyara zamansa.

"Yanzu kam sun mutu," ta ce. "Tahi ka ɗauko mani ɗiyata."